Palbociclib da enzayim CDK4: yadda magani ya yi shekara 14 kafin a gano wa zai yi wa aiki

A shekarar 2001 masu haɗa magunguna na Parke-Davis, a garin Ann Arbor da ke jihar Michigan ta Amurka, suka fitar da wani sinadari da suka yi wa lamba PD-0332991. An haɗa shi ne don yaƙar sankara, ya toshe wasu enzayim biyu (furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki) 'yan ɗaki ɗaya, CDK4 da CDK6, waɗanda su ke fara ba ƙwayar halitta izinin shirin rabuwa gida biyu. A ɗakin gwaji sinadarin bai ba da kunya ba. Ɗan ƙanƙani, kimanin nanomola 11, ya isa ya rage ƙarfin CDK4 da rabi, kuma da ƙyar yake taɓa sauran enzayim masu kama da shi. Duk da haka sai ranar 3 ga Fabrairu 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin amfani da shi, da sunan palbociclib, a kasuwa kuma Ibrance. A duk tsawon shekara 14 ɗin nan sinadarin yana nan yadda aka haɗa shi. Abin da aka daɗe ana lalube shi ne irin sankarar da rayuwarta ta rataya a wuyan wannan enzayim.

Inda CDK4 yake tsaye

Ƙwayar halitta ba ta rabuwa kara zube. Zango huɗu take bi. A na farko, G1, tana girma tana tara kayan aiki. A na biyu, S, tana kwafe DNA ɗinta kaf, haruffa kusan biliyan 6 a jikin ɗan Adam. A G2 tana duba aikin, a M kuma ta raba kuromosom 46 da ta riga ta ninka, ta tsage biyu. Ƙwayar ɗan Adam mai saurin yaɗuwa takan gama wannan zagaye a ɗakin gwaji cikin kamar awa 24. Wurin da ya fi muhimmanci a tafiyar yana can wajen ƙarshen G1. Arthur Pardee ya nuna a 1974 cewa akwai wata gaɓa a nan. Kafin ƙwayar ta kai gare ta, sai da saƙon girma daga waje take tafiya, in aka janye saƙon ta koma ta kwanta. In ta tsallake gaɓar kuwa, ko an janye sai ta ƙarasa.

Tarihin gano masu tura zagayen sananne ne. Leland Hartwell ya zaƙulo sassan DNA da ke juya shi a cikin yis a farkon shekarun 1970. Paul Nurse ya bi sawun ɗaya daga irin waɗannan sassa, cdc2, mai ƙera enzayim ɗin da yanzu ake kira CDK1, a wani nau'in yis, sannan a 1987 shi da Melanie Lee suka nuna cewa mutum ma yana da irinsa, har na mutum yana iya maye gurbin na yis ya yi aiki daidai. Tim Hunt kuma a 1982, yana aiki da ƙwan bushiyar teku a Woods Hole, ya ga wani furotin da ke taruwa ya ɓace a kowace rabuwa, ya sa masa suna saikilin. Su ukun aka ba lambar yabo ta Nobel a 2001, shekarar da aka haɗa PD-0332991.

Kowane CDK kainez ne, wato enzayim da ke ciro fosfet na ƙarshe daga jikin ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya, ya manna wa wani furotin. Fosfet ɗin ɗan abu ne, amma yana ɗauke da caji mai ƙarfi, inda duk ya zauna sai siffar furotin ta sauya, aikinsa ya kunnu ko ya mutu. Mutum yana da CDK 20. Abin da ya bambanta su da sauran kainez shi ne ba sa iya komai su kaɗai, sai saikilin ya zo ya rungume su.

Dalilin haka a siffarsu yake, kuma an fi ganinsa a CDK2, wanda aka fara fitar da hoton ginin jikinsa a 1993 ta hanyar daskarar da furotin a haska masa eksire. Sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan ginin furotin, guda 298 da ta naɗe ta zama curi biyu, ƙarami a sama, babba a ƙasa, da tsaga a tsakaninsu. A cikin tsagar ATP yake shiga. A CDK2 da ke zaune shi kaɗai, ATP yana shiga, amma abu biyu ba su daidai. Na farko, wani murɗaɗɗen sashe na ƙaramin curin, wanda ake kira PSTAIRE saboda jerin amino asid ɗinsa, ya juya waje. A jikinsa akwai gulutamet mai lamba 51, wanda ya kamata ya kama laisin mai lamba 33 domin su biyun su saita fosfet ɗin ATP. Tunda sashen ya juya baya, ba sa haɗuwa, fosfet ɗin sai su kwanta a karkace. Na biyu, wani madauki mai laushi da ake kira madaukin T ya faɗo ya tare bakin tsagar, furotin da za a manna wa fosfet ba shi da inda zai tsaya.

A 1995 ɗakin binciken Nikola Pavletich a New York ya fitar da hoton CDK2 tare da saikilin A. Saikilin ɗin ya dafa murɗaɗɗen sashen ya tura shi ciki, gulutamet 51 ya riƙe laisin 33, madaukin T kuma ya ja gefe. Saura abu ɗaya. A kan madaukin akwai tireyonin mai lamba 160, sai wani kainez daban, CDK7 da abokan haɗinsa, ya manna masa fosfet. Arjinin guda uku daga sassa daban na furotin suke kewaye wannan fosfet su ƙulle shi, madaukin ya daina kaɗawa ya zama shimfiɗaɗɗen wurin da abin da za a yi wa aiki zai kwanta. Sai a lokacin enzayim ɗin ya cika. Wato sharaɗi biyu sai sun haɗu, ga kuma furotin masu hanawa da ke iya kashe shi ko bayan sun haɗun. Tsari ne na abin da ba a so ya kunnu bisa kuskure.

CDK4 yana da amino asid 303, abokin haɗinsa saikilin D, tireyonin ɗinsa kuma mai lamba 172 ne. An gano saikilin D a 1991, CDK4 a matsayin abokinsa a 1992, galibi daga aikin Charles Sherr a asibitin St. Jude da ke Memphis. Amma CDK4 ya ba masu ɗaukar hoto wahala, sai 2009 aka samu, da aka samu kuma sai ya zo da abin mamaki: ga saikilin D a manne, amma murɗaɗɗen sashen bai shiga ciki ba, enzayim ɗin yana nan da siffar wanda bai kunnu ba. Ashe dokar CDK2 ba ta hau kansa gaba ɗaya ba. Wannan zai dawo a gaba.

Aikin CDK4 da CDK6 kusan guda ɗaya ne tak, kuma shi ne duk labarin. Saƙon girma daga waje yana sa ƙwayar ta ƙera saikilin D. Saikilin D ya kama CDK4, su biyun su nemi wani furotin mai suna Rb su fara manna masa fosfet. Rb ya samo sunansa daga sankarar ido ta yara, retinobilastoma, inda aka fara gano shi a 1986. Shi aikinsa riƙe E2F, furotin da ke buɗe sassan DNA na kayan kwafi. Da Rb ya fara shan fosfet riƙonsa yakan sassauta, E2F ya sa a ƙera saikilin E, saikilin E ya kunna CDK2, CDK2 ya ƙara zuba wa Rb fosfet a wurare sama da goma, Rb ya saki gaba ɗaya. Daga nan abin yana ciyar da kansa, ba ya komawa baya. Gaɓar da Pardee ya gani ke nan. Rb kamar sakata ce a bayan ƙofa, CDK4 kuma hannun da ke fara zare ta. Palbociclib hannun yake riƙewa. In dama babu sakatar, riƙe hannun aikin banza ne.

Jiki ma yana da nasa mai riƙe hannun, furotin p16, wanda Manuel Serrano, Gregory Hannon da David Beach suka bayyana a 1993, kuma yana cikin abubuwan da sankara iri-iri ta fi yawan sharewa daga DNA. A wasu zuri'o'i da ke gadon sankarar fata, melanoma, an tarar da sauyin amino asid ɗaya tak a CDK4: arjinin mai lamba 24 ya koma sistayin. Enzayim ɗin yana aikinsa lafiya lau, p16 ne kawai ya rasa inda zai kama. Wannan kaɗai ya isa ya jawo cutar daga kaka zuwa jika.

Wahalar haɗa maganin

Tun tsakiyar shekarun 1990 kowa ya ga cewa toshe CDK hanya ce ta yaƙar sankara. Matsalar ita ce tsagar ATP. Mutum yana da kainez sama da 500, dukkansu da ATP suke aiki, tsagoginsu kuma kusan iri ɗaya ne. Sinadarin da ya shiga ta wannan zai shiga ta wancan. Flavopiridol, wanda aka samo asalinsa daga wata bishiya ta Indiya, shi ya fara shiga gwajin mutane. Ya toshe CDK1, CDK2, CDK4 da CDK6, ya haɗa har da CDK9, wanda ƙwaya ke buƙata don karanta DNA ɗinta ta yau da kullum. Marasa lafiya suka sha fama da gudawa mai tsanani, amfanin kuma a yawancin sankara bai taka kara ya karya ba. Gwiwar kamfanoni da yawa ta yi sanyi a kan duk wani abu mai suna CDK.

Ƙungiyar Ann Arbor, wadda David Fry da Peter Toogood ke cikin jagororinta, ta bi ta ƙananan bambance-bambance. A bakin tsagar CDK2 akwai laisin mai lamba 89, mai caji tabbatacce. A daidai wurin, CDK4 tireyonin yake da shi, marar caji. Palbociclib yana da wutsiya mai caji tabbatacce da ke leƙowa ta nan, don haka CDK2 ture ta yake yi, CDK4 kuwa ya bar ta ta zauna. A can ciki kuma, inda curi biyun suka haɗu, CDK4 da CDK6 suna da histidin a wurin da CDK2 ke da fenilalanin, kuma zoben sinadarin yana amfana da wannan. Amino asid biyu ko uku cikin ɗari uku, su suka raba magani da guba. An wallafa sakamakon a 2004: a cikin ƙwayoyin sankara masu Rb, sinadarin yana tsayar da su cik a G1, a marasa Rb kuma ba ya yin komai.

A daidai lokacin hujja tana zuwa daga ɓeraye. A 2001 ɗakin binciken Piotr Sicinski a cibiyar Dana-Farber da ke Boston ya nuna cewa ɓerayen da aka cire wa saikilin D1 ba sa kamuwa da sankarar mama da sassan DNA masu suna neu ko ras ke haddasawa, amma suna kamuwa da wadda wasu sassan, myc ko Wnt-1, ke haddasawa. A 2004 ƙungiyar Mariano Barbacid a Madrid ta cire CDK4 da CDK6 duka biyu. Gaɓoɓin 'ya'yan ɓerayen suka ginu, sai dai sun mutu gab da haihuwa saboda ƙarancin jini. A 2007 suka nuna cewa CDK1 shi kaɗai yana iya tura zagayen a ƙwayoyi da yawa. Saƙon a fili yake ga mai dubawa yanzu: yawancin ƙwayoyin jiki suna iya rayuwa ba CDK4, ɓargo ne zai fi jin jiki, kuma wasu nau'o'in sankarar mama, ba duka ba, ba su da wata hanya sai ta nan.

Shekarun jira

Pfizer ta sayi Warner-Lambert, uwar Parke-Davis, a 2000, ta kuma haɗiye Pharmacia a 2003, don haka PD-0332991 ya tsinci kansa cikin dogon layin sinadarai masu neman kuɗin gwaji. An fara gwada shi a mutane a 2004, a kan masu sankara iri-iri da ta yi nisa, sharaɗin kawai ƙarin ya kasance yana da Rb. An gano adadin da jiki ke ɗauka, miligiram 125 kullum na kwana 21 sannan hutun kwana 7, aka kuma ga cewa abin da ke iyakance shi raguwar fararen ƙwayoyin jini ne, kamar yadda ɓerayen Madrid suka nuna. Amma a mafi yawan mutanen ƙarin bai ragu ba. A wasu ya tsaya inda yake na watanni. A 2007 Pfizer ta sanar da rufe cibiyar Ann Arbor.

A ganina ma'aunin ne bai dace da maganin ba. Gwajin farko na maganin sankara an saba auna shi da ko ƙari ya motse, domin haka kemo, maganin sankara mai guba, yake yi, kashewa yake. Palbociclib ba ya kashe ƙwaya, tsayar da ita yake. Kuma samun Rb sharaɗi ne da bai wadatar ba: ƙari na iya samun Rb lafiyayye amma ya riƙa zare shi ta hanyar saikilin E da CDK2, bai damu da CDK4 ba. An zuba mutane masu cututtuka daban-daban a kwando ɗaya, kaɗan daga cikinsu ne cutarsu ta dogara da enzayim ɗin, sai alamar ta nitse. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a kan masu limfoma nau'in mantle, sankarar fararen ƙwayoyin jini da ke ƙera saikilin D1 fiye da kima saboda musayar yanki tsakanin kuromosom 11 da 14, ya nuna cewa maganin yana kaiwa ga Rb a jikin mutum, wasu kuma sun amfana sosai. Mutum 17 ne kawai.

Abin da ya juya lamarin ya fito daga jami'ar California da ke Los Angeles. Dennis Slamon, wanda aikinsa ya kai ga maganin sankarar mama Herceptin a 1998, da abokin aikinsa Richard Finn, suna da tarin layukan ƙwayoyin sankarar mama, wato ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji, da suka san halin kowanne. Suka zuba sinadarin a kan layi 47, suka jera su daga wanda ya fi tsayawa zuwa wanda bai ji komai ba. A sakamakon da suka wallafa a 2009, waɗanda suka fi tsayawa kusan duk masu karɓar saƙon estrojin ne, wato homon na mata. Dalilin yana nan a sarƙar da aka bayyana a sama: a cikin waɗannan ƙwayoyi estrojin ne ke sa a ƙera saikilin D1, kuma galibinsu Rb ɗinsu lafiyayye ne. Nau'in da ba ya karɓar estrojin, ba projestaron, ba shi kuma da yawan HER2 (wani furotin mai tura girman ƙwaya), shi ya fi yawan zubar da Rb, shi kuma ya fi ƙin ji. Sun kuma ga cewa in aka haɗa shi da tamoxifen, maganin da ke toshe saƙon estrojin, ƙarfin biyun ya wuce jimlar kowanne shi kaɗai. Ɗaya yana rage saikilin D daga tushe, ɗaya yana toshe enzayim ɗin da ragowar saikilin zai kunna. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na sankarar mama masu karɓar estrojin ne, don haka ba ƙaramin rukuni aka gano ba.

Gwajin PALOMA

PALOMA-1 ya ɗauki mata 165 da suka daina al'ada, masu sankarar mama da ta bazu, mai karɓar estrojin, marar HER2. Aka raba su da ƙuri'a: wasu letrozole kaɗai, maganin da ke hana jiki ƙera estrojin, wasu letrozole da palbociclib. Rabin masu shan letrozole kaɗai cutarsu ta ci gaba kafin wata 10.2. A masu shan biyun sai wata 20.2. A kan wannan FDA ta ba da izinin gaggawa.

Akwai wani ɓangare na gwajin da ba a cika ambatonsa ba, alhali ya fi koyarwa. Mata 66 na farko an ɗauke su ba wani tacewa bayan batun estrojin. Sauran 99 sai da aka tabbatar ƙarinsu yana da ninkin sashen DNA na saikilin D1, ko ya rasa p16, domin a takarda su ya kamata su fi amfana. Ba su fi ba. A rukunin farko tazarar masu shan biyun da masu letrozole kaɗai wata 26.1 ce da 5.7, a rukunin da aka tace kuma 18.1 da 11.1. Rukunan ƙanana ne, bai kamata a ɗora wa alƙaluman kaya da yawa ba, amma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ma ba su ceto waɗannan alamomi biyu ba. Har yau, a asibiti, abin da likita ya fi dubawa kafin ya rubuta maganin shi ne ko ƙarin yana karɓar estrojin kuma ba shi da HER2. Taswirar da aka zana a allo ta kai mu ga cutar, amma ba ta iya tantance mace ɗaya daga wata ba.

PALOMA-2, mai mata 666, ya tabbatar da abin a 2016: wata 24.8 da 14.5. PALOMA-3, mai mata 521 da cutarsu ta riga ta bijire wa maganin homon na farko, ya haɗa palbociclib da fulvestrant, wani maganin homon, ya samu wata 9.5 da 4.6. Illar da ta fi yawa ita ce wadda aka zata. A PALOMA-2 kusan kashi 66 cikin ɗari sun samu raguwar niyutirofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) mai tsanani a gwajin jini, amma waɗanda raguwar ta zo musu da zazzaɓi ba su kai kashi 2 ba. Da kemo ne ya sauke jini haka, da gadajen asibiti sun cika. Bambancin shi ne kemo kashe ƙwayoyin ɓargo yake, palbociclib kuwa kwantar da su yake a G1, in aka yi hutun kwana 7 su tashi su ci gaba. Shi ya sa ake auna jini a farkon kowane zagaye, da kuma tsakiyar zagaye biyu na farko, a rage zuwa miligiram 100 ko 75 in ya cancanta.

Inda bai kai ba

Jinkirta ci gaban cuta abu ne mai daraja: wata goma ne na mace tana gidanta tana shan magani ta baki, ba ta shiga kemo ba. Amma tambayar da mara lafiya ke yi ita ce ko za ta ƙara kwana. A nan palbociclib bai fito da hujja mai ƙarfi ba. A sakamakon ƙarshe na PALOMA-2 da aka gabatar a 2022, tsawon rai wata 53.9 ne da 51.2, tazarar da lissafi ba ya iya raba ta da sa'a. A PALOMA-3 wata 34.9 da 28.0, ya matso kusa amma bai haye ma'aunin da aka gindaya ba. Da aka gwada shi a matan da aka yi wa tiyata da wuri, don hana cutar dawowa, gwajin PALLAS mai mata sama da 5,700 da PENELOPE-B mai 1,250 duk ba su nuna amfani ba.

Ƙannensa biyu da suka samu izini a 2017, ribociclib na Novartis da abemaciclib na Eli Lilly, enzayim ɗaya suke hari, ta tsaga ɗaya. Ribociclib a gwajin MONALEESA-2, mai tsari kusan irin na PALOMA-2, ya ƙara tsawon rai daga wata 51.4 zuwa 63.9. Abemaciclib ya samu izinin amfani bayan tiyata a 2021, ribociclib a 2024. Masana suna muhawara a kan dalili. Wasu na nuni da cewa an rasa bayanan mata da yawa a bibiyar PALOMA-2, kuma matan da aka ɗauka a gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne. Wasu na duban sinadaran: ribociclib da abemaciclib sun fi karkata ga CDK4 a kan CDK6, abemaciclib ana shan sa kullum ba hutu, yana kuma ɗan taɓa wasu kainez. Kwatanta gwaji da gwaji abu ne mai santsi, amma tazara iri ɗaya da ta maimaitu a cutar da ta bazu da kuma bayan tiyata ta fi ƙarfin a ce duk sa'a ce.

Nan ne baƙuwar siffar nan ta 2009 ta dawo. A 2019 ɗakin binciken Seth Rubin a jami'ar California da ke Santa Cruz ya fitar da hoton CDK4 da saikilin D1 tare da na uku, p27. An daɗe da sanin p27 a matsayin mai hana CDK2 aiki. A jikin CDK4 kuwa, in an manna masa fosfet a wani tairosin, shi ne ke gyara ƙaramin curin ya taimaka wa enzayim ɗin ya kunnu. Kuma wannan haɗaka ta uku, wadda ita ce mai aiki a cikin ƙwaya, palbociclib ba ya iya toshe ta da kyau a gwajinsu. Fassararsu ita ce maganin ya fi kama CDK4 tun yana shi kaɗai, kafin a haɗa shi, kuma wani kaso na amfaninsa yana zuwa ne a kaikaice, ta sakin masu hanawa irin su p21 su koma kan CDK2. Ba kowa ya karɓi wannan fassara duka ba. Amma ta nuna cewa an yi shekara huɗu ana ba dubban mata magani, yana kuma yi musu aiki, kafin a ga ainihin siffar abin da yake kamawa.

Kusan duk ƙarin da ya bazu daga baya yakan sami hanyar kaucewa. Mafi sauƙin fahimta ita ce zubar da Rb, amma ba ita ta fi yawa ba: da aka bincika DNA ɗin ƙari da ke yawo a jinin matan PALOMA-3 a ƙarshen magani, kimanin kashi 5 cikin ɗari ne na masu shan palbociclib suka nuna sabon lahani a Rb. Hanyar saikilin E ta fi bayyana. A cikin masu shan maganin, waɗanda ƙarinsu ke da saikilin E1 kaɗan sun kai wata 14.1, masu yawansa kuma 7.6. Wasu ƙarin CDK6 suke ninkawa har maganin ya kasa cinye shi. Saboda haka kamfanoni suka koma neman masu toshe CDK2 shi kaɗai, enzayim ɗin da ƙungiyar Ann Arbor ta yi ta wahalar kauce wa, da kuma masu toshe CDK4 ba tare da CDK6 ba, tunda CDK6 ne ɓargo ya fi dogara da shi.

Rashin Rb ma an sami inda aka ci moriyarsa. Sankarar huhu mai ƙananan ƙwayoyi kusan kullum ba ta da Rb, don haka mai toshe CDK4 da CDK6 ba ya tsayar da ita ko kaɗan. Ɓargon mara lafiyar kuwa Rb ɗinsa lafiya lau. A Fabrairu 2021 FDA ta amince da trilaciclib, wanda ake ɗurawa ta jijiya cikin awa huɗu kafin a sa kemo. Ƙwayoyin ɓargo su kwanta a G1 har gubar ta wuce, ƙwayoyin sankarar kuma su ci gaba da kwafar DNA, kemo ya same su a tsakiyar aiki.